Ginin da Masu Shi Ba Su Isa Magana Ba

Allo ake fara kafawa kafin a ga bulo ko guda a filin. A jikinsa an rubuta sunan aikin, da hukumar da ta bayar, da kamfanin da ya samu: ajujuwa uku da ofis da sito, ko biyu da banɗaki. Bayan kwana biyu ko uku sai tifa ta shigo da baya, ta juye yashi, ta tafi ta bar ƙura. Daga ranar nan yaran unguwa sun sami wurin tsalle, maigadi kuma ya sami aikin kora, don duk yashin da ƙafafu suka watsar kuɗi ne ya bi ƙasa.

Idan aka ce kamfanin gine-gine, kada hankalin mai karatu ya tafi kan manyan nan masu gina gadoji. Yawancin ajujuwan firamare da ke ƙauyukanmu da unguwanninmu ƙananan kamfanoni ne suka gina su, irin waɗanda ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman bene, wani ma jakar hannunsa ce ofishin. Ɗan kwangila ke riƙe da takardu, shi ke bin fayil daga tebur zuwa tebur. Injiniya sau da yawa don wannan aikin kaɗai ake ɗaukarsa. Sai shugaban ma'aikata, wanda tsofaffi ke kira helma, sai birkiloli da leburorinsu, da mai ɗaurin rodi, da kafinta, da mai walda, da mai fenti. Kusan dukansu ba su da albashin wata. Aiki ne ya haɗa su, ranar da ya ƙare kowa ya kama gabansa.

Kuɗin da ke biyansu yana da tarihi. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ware kashi biyu cikin ɗari na babban asusun gwamnatin tarayya, ta damƙa wa hukumar UBEC, da sharaɗin duk jihar da ke son karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Daga nan hukumar SUBEB ta jiha ta ba da kwangila. Akwai kuma ajujuwan da 'yan majalisa ke ginawa da sunan aikin mazaɓa, da na ƙungiyoyin agaji, da na masu makarantun kuɗi da Islamiyyu. Ko ma wa ya biya, hannun da zai riƙe cokalin gini ɗaya ne.

Abin da ya bambanta wannan gini da sauran gine-gine shi ne mai shi. Mutumin da ke gina gidan kansa ba ya rabuwa da wurin. Da sassafe yana nan, ya ƙirga buhunan siminti, ya ƙwanƙwasa bulo, ya tsaya a kan leburori har sai an yi ban ruwa. Aji kuwa masu shi yara ne 'yan shekara shida da bakwai, waɗansu ma ba a haife su ba tukuna. Ba su san awo ba, ba su isa su ce wannan kwaɓin yashi ya yi masa yawa ba. Wanda ya biya yana birni, wanda zai zauna a ciki yana can yana wasan ƙasa. Saboda haka aikin ya rataya a wuyan mutum biyu: maginin da ke tsoron Allah, da mutumin unguwa da ya ɗauki makarantar tasa ce.

Da can wannan ba abin damuwa ba ne sosai, don magini ɗan gari ne, sana'ar kuma ta gado ce, tana da sarkinta. Har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakunansa na tubali da azara. Soro ya tsage a wancan zamani, an san ɗan gidan wa ya ɗora shi, kuma Sarkin Magina zai ji. Yau kamfani yakan zo daga wata jiha, ya gama, ya cire allonsa ya tafi.

Aikin gaskiya daga awo yake farawa. Ana kafa fegi, a ja igiya, a shata da toka ko farar ƙasa. Ajin da hukuma ta yarda da shi mita takwas ne a tsawo, bakwai a faɗi, an yi shi don yara arba'in, ko da yake duk wanda ya leƙa makarantun cikin birnin Kano ya san arba'in ɗin a takarda take. Don kusurwa ta fita daidai, tsohon magini ba ya buƙatar na'ura: ya auna uku a wannan igiya, huɗu a waccan, in tsakaninsu ya ba da biyar to kusurwa ta zauna. Kafin duk wannan akwai shawarar da ba ta cin ko sisi, amma ita ke raba ajin da za a iya zama a ciki da wanda zai zama tanda, wato inda ginin zai fuskanta. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, rana kuma gabas da yamma take duka. Mai hankali yakan jera ajujuwan yadda tagogi za su kalli kudu da arewa, ya bar gabas da yamma da bango. Wanda ya bi shatar fili kawai ba tare da ya ɗaga kai ya dubi sama ba, ya bar wa malamai da yara wahalar shekara talatin.

Sai haƙar harsashi, da diga da shebur. Inda ƙasa ke da ƙarfi, mai birji, ba a nisa sosai. Inda take baƙa mai laka, irin wadda ke kumbura da damina ta dare da rani, dole a zurfafa a kuma ƙara rodi, in ba haka ba bango zai yi ta tsagewa kowace shekara, a yi ta liƙe shi a banza. A nan ne kankare ke shiga, kuma ƙa'idarsa kowane lebura ya haddace ta: ɗaya, biyu, huɗu. Siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhu ɗaya mai kilo hamsin yakan cika kwanon sarki biyu, ke nan buhu guda yana ɗaukar kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ƙara kwano biyu a kan haka ba ya nunawa a ido. Kankaren zai bushe, ya yi fari, a rufe shi da ƙasa, babu wanda zai sake ganinsa.

Kowane kaya da hanyarsa. Siminti yana zuwa daga Kalambaina kusa da Sakkwato, ko Ashaka a jihar Gombe, ko Obajana a jihar Kogi, kuma kuɗin tirela na cikin farashin kowane buhu. Yashi iri biyu ne: mai kaushi na kogi, irin wanda masu tifa ke ɗebowa daga kogin Challawa, shi ake so a kankare da bulo, mai laushi kuma na filasta ne. Magini yakan damƙi yashi ya matse a tafinsa, in ya bar jirwayen laka to zai ci siminti bai ba da ƙarfi ba. Tsakuwa daga wurin fasa dutse take, rodi kuma daga kasuwar 'yan ƙarfe, kowane tsawonsa mita goma sha biyu, ana naɗe shi biyu a ɗora a mota.

Bulo ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ake cin amana cikin ruwan sanyi. Mai inci tara shi ake sawa a bangon waje, mai inci shida a wuraren da ba su ɗauke da nauyi. Buhu guda, in ana son bulo na ƙwarai mai inci tara, bai kamata ya wuce ashirin da biyar zuwa talatin ba. Akwai masu buga arba'in da biyar, har hamsin. A ido duk ɗaya suke. Gwajin magina mai sauƙi ne: a ɗaga bulo daidai ƙirji a sake shi, ko a goga babban yatsa a gefensa a ga ko zai zuba kamar gari. Kowace murabba'in mita ta bango tana cin bulo goma, don haka jerin ajujuwa uku, da harsashinsa da komai, yakan lashe wajen dubu uku. Mai karatu ya lissafa da kansa buhu nawa ke tsakanin talatin da hamsin a bulo dubu uku, zai gane abin da ya sa jarabar take da ƙarfi. Shi ya sa ɗan kwangila mai kishin sunansa yakan kawo masu buga bulo su buga a filin makarantar, a gaban idonsa.

Bayan an buga sai ban ruwa, aikin da kowa ke rainawa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha, kuma sai ya kusa wata guda kafin ƙarfinsa ya cika. Aƙalla mako guda ana jiƙa shi safe da yamma. Da hunturu iska na zuƙe ruwan tun kafin ya yi aikinsa, da bazara rana ce. A ƙauyen da rijiya ke da nisa, ruwa kaɗai yakan zama babban layi a lissafi, ko a sayo tanki, ko a yi jinga da 'yan ga-ruwa su yi ta turo kura. Ranar da kuɗi suka yi ƙasa, ban ruwa ake fara yankewa, don ba a ganinsa.

Idan bango ya fara tashi wurin yakan yi daɗin kallo. Birkila na kan katako, igiya a miƙe daga kusurwa zuwa kusurwa, ba ka jin komai sai "Kwaɓi!" da "Bulo!" da ƙarar cokali a kan kwano. Lebura ya amsa da "Ga shi, maigida," ya miƙa. Gwanin birkila da lebura mai zafin nama sukan ɗora bulo wajen ɗari a yini. Biya ko dai na yini ne, ko jinga a kan kowane bulo, kuma birkila yakan tashi da kusan ninki biyu na abin da leburansa ya samu. Jinga tana sa sauri, sauri kuma yana karkatar da bango, don haka helma ba ya zama. A wannan filin ne kuma ake koyon sana'ar. Yaro yakan fara da ɗaukar kwaɓi, ya koma cike tsakanin bulo, wata rana maigidansa ya miƙa masa cokali ya ce ya ɗora bangon tsakiya. Kusurwa ita ce ƙarshen karatu. Ranar da aka bar maka ita kai kaɗai, ka zama birkila.

A saman tagogi da ƙofofi ake zuba linta. A ginin makaranta mai kyau ba a tsinka ta, zagaye ginin take yi kamar ɗamara ta ɗaure shi wuri guda. Daga nan kafinta ya karɓa. Katako sai an shafe shi da maganin gara, waɗansu da baƙin mai suke yi. Kwano bandir-bandir ake saye, ashirin a kowane, kuma akwai mai kauri akwai wanda in ka taka zai lotsa. Sai dai abin da ke riƙe rufi ƙarami ne: langa-langa ko rodin da aka binne a cikin kankare aka naɗe katakon da shi. Duk shekara, da iskar farkon damina, sai an ji labarin makarantun da rufinsu ya yaye. Aji fili ne babba ba bango a tsakiya, galibi kuma a bakin gari yake inda babu abin da zai tare iska. In ta sami taga a buɗe ta shiga, ɗaga rufin take yi daga ciki kamar murfin tukunya.

Daɓe kuwa shi ke tona asiri. Ƙafafu ɗari suna gurzarsa kullum, ana jan benci, ana shara. Inda aka yi ciko ba a daddaƙe shi ba, aka shafa siminti siriri a kai, kafin shekara ta zagayo ya fashe, ramuka sun fito, yara na zaune cikin ƙura. Da ni ne mai duba aiki, ba zan fara da kallon fenti ba. Shiga zan yi in buga dunduniya a tsakiyar aji in saurari ƙarar.

Ajin ƙananan yara, na 'yan shekara uku zuwa biyar, wani karatu ne daban. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, ta kuma ce kada malami ɗaya ya wuce yara ashirin da biyar, don haka makarantun gwamnati da yawa yanzu suna da irin wannan ɗaki. Magini a nan sai ya durƙusa ya ga duniya daga tsayin gwiwarsa. Matakala gajeru, bakin dakali a daddaushe don goshi, allo a ƙasa inda hannu zai kai, daɓe mai santsin da za a shimfiɗa tabarma amma ba mai zamewa ba, gangara a bakin baranda don yaron da ke kan keke. Ramin masai a tsuke, murfin shadda kuma na kankare mai nauyin da yara goma ba za su iya turewa ba. Katanga da ƙofa ɗaya, don ɗan shekara uku ba ya sallama in zai fita. A ƙarshe mai zane ya zo ya cika bango da baƙaƙe da lambobi da hoton rago da mangwaro. Muhimmancin wannan ɗaki ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya tuna 2021 a Nijar, shekarar da gobara ta cinye ajujuwan zana a Yamai ta kashe yara ashirin, yawancinsu 'yan ƙanana, ta sake yin haka a Maraɗi ta kashe fiye da ashirin. Bulo ma in an yi shi da ha'inci kabari ne: a Yulin 2024 wata makaranta mai bene ta rufta a unguwar Busa Buji a Jos, mutum ashirin da biyu suka rasu.

Babu kamfanin da ke gina makaranta shi kaɗai, ko ya so ko bai so ba. Ranar farko ɗan kwangila mai wayo gidan mai unguwa ko dagaci yake fara zuwa, ya cire takalmi, ya ce "Ranka ya daɗe, mun zo da aiki." Filin sau da yawa wani ne ya bayar sadaka, kuma dattawa ne suka san inda iyakarsa ta tsaya. Siminti a zauren wani zai kwana. Maigadi ɗan garin ne, don baƙo bai san ɓarawon unguwa ba. Leburori ma a nan ake ɗauka, ko da an zo da birkiloli daga birni, kuma matan da ke kawo koko da safe da garau-garau da rana suna cikin waɗanda aikin ya ciyar. In makaranta na ci ana gini, sai an zauna da hedimasta an tsara inda tifa za ta bi da yadda za a killace ramuka, don rami mai ruwa da yaro ba sa zama wuri ɗaya.

Akwai kuma kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, mai ɗauke da wakilin mai gari da malamai da iyaye mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a. Waɗansu shirye-shirye, irin su AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa, sukan zuba kuɗin gyara kai tsaye a asusun kwamitin, su nemo magina da kansu. Wannan dai gayya ce aka sa mata riga ta zamani. Inda kwamitin ke da rai, za ka ga wani dattijo mai ritaya ya kawo kujerarsa gindin bishiya yana ƙirga buhu. Magina sukan yi gunaguni a kansa, amma na kirki a cikinsu sun san garkuwarsu ce, don shi ne zai hana a ce musu su ƙara yashi.

Kamfanoni na son a san su da alheri. Wani ya bar rijiyar burtsatsen da ya haƙa don aiki ta zama ta gari, wani ya ba da ragowar bulo a gyara masallaci, wani ya raba littattafai da jakunkuna ranar buɗewa a ɗauki hoto. Ba na raina ko ɗaya, rijiyar ma takan fi ajin amfani a wani ƙauyen. Amma ni a wurina babbar gudummawar kamfani ga al'umma tana cikin kwanon sarki, kuma kyautar jaka ba ta toshe ramin daɓe. Mutanen gari su ma ba a wanke su duka ba. Akwai inda matasa ke tare mota sai an ba su nasu, akwai inda ake ɓalle tagogin ƙarfe wata guda bayan an miƙa makulli, awaki su mai da aji turke.

Batun riba, daga waje ana ganin ɗan kwangila kamar ya tsinci dami a kala. Wani lokaci haka ne. Amma biyan kashi-kashi ne: a ba da na somawa, saura sai masu duba aiki sun zo sun sa hannu a kowane mataki, fayil kuma ba ya da ƙafa. Ana cire haraji, ana kuma riƙe wani kaso, galibi biyar cikin ɗari, har wata shida don a ga ko aibi zai fito. A tsakanin nan kasuwa ba ta jiran kowa. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira dubu uku a 2019 ya haura dubu goma a farkon 2024, kuma cire tallafin mai a 2023 ya taɓa kuɗin kowace tifa. Wanda ya sa hannu a tsohon farashi ya sayi kaya a sabo, ko ya ci bashi, ko ya gudu ya bar kango, ko ya rage siminti. Mafi muni ita ce kwangilar da ake sayarwa hannu zuwa hannu. Wanda ya samu bai taɓa riƙe shebur ba, ya cire nasa ya miƙa, na biyu ya cire ya miƙa. Kafin ta iso ga mai ginawa ta rame, kuma abin da aka yaga a ofis daga jikin bango yake fita.

Na ƙasa su ke shan wuyar jinkiri. Lebura ba ya da ajiyar da zai jira fayil, abin da ya samu yau shi za a ci da dare. Siminti yana cin hannu har ya tsattsage, shi ya sa za ka ga an ɗaure ƙafa da leda ko yagaggen buhu. Faɗuwa daga kan katako ba ta da inshora, ciwon baya ba ya da fansho. Da azumi ana fita bayan asuba a tashi kafin rana ta take. Da ruwa ya sauka kuma, 'yan cirani su ajiye shebur su koma gona, aikin da bai kai rufi ba ya tsaya yana shan ruwan da ba a nema ba.

Ranar miƙa makulli akan kafa rumfa, a yanka kirtani, manya su yi jawabi. Da wuya ka ga birkila a wurin, yana wani garin ya riga ya ja sabuwar igiya. Sai dai akwai al'adar da na sani a wurin waɗansu tsofaffin magina: in hadarin farko ya wuce da dare, kashegari sukan hau babur su bi ta gaban makarantar da suka gina. Ba sa shiga. Daga bakin hanya suke rage gudu, su dubi bakin kwano ta gabas, su ga yana nan, su wuce wurin aiki.